Farfelar ƙarfe ko ta alminiyam?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ina da Hilux da nake lodin buhunan albasa daga Marwa zuwa Kuseri, farfelarta, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ta lanƙwashe, wani ya ce in sa ta alminiyam wai mota za ta fi gudu ta rage shan mai. Me ka gani? Daga wani direba a Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Ni dai shawarata ka sa ta ƙarfe. E, alminiyam ba shi da nauyi, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe ne, kuma ba ya tsatsa, amma 'yan kilon da za ka rage ba za ka ji su ba a motar da ke ɗauke da albasa har sama.

Matsalar ita ce hanya. Ka san yadda tsakanin Mora da Dabanga take, ga ramuka ga taɓo da damina, ita kuwa ta alminiyam dole a yi ta da kauri don ta jure, sai dutse ya fi saurin samunta, in ta loɓa kuma mai walda na bakin titi ba zai iya mata komai ba sai mai injin walda na musamman da ke aiki da iskar argon, ta ƙarfe kuwa ko a Waza ka samu wanda zai lallaɓa maka ita ka ƙarasa.

In ka sayo, ka sa makanike ya auna tsawonta da ta asali, ya duba kuros, wato mahaɗan da ke bakunan farfelar, ya sa musu giris. In ka ji mota na karkarwa a guje ka koma a daidaita farfelar, kar ka bari ta ci maka giyabos.