Insulatard ko Lantus: amsa ga mai faɗuwar sukari da dare

Malam, sannu da jiki. Ka ce sukarinka na faɗuwa tsakar dare, kana tambaya ko Lantus zai fi maka Insulatard, duka biyun alluran insulin ne na rage sukari. Insulatard ƙarfinsa kan kai ƙololuwa awa 4 zuwa 10 bayan allura. In ka yi bayan isha'i, ƙarfin zai same ka kana barci, ka farka da gumi da karkarwa. Ga shi fari-fari, sai ka murza shi a tafin hannu ya gauraya. Lantus garau yake, aikinsa a shimfiɗe kusan awa 24. Tresiba, wani insulin ɗin, aikinsa ya fi awa 42, sai dai tsada. Ni Lantus zan tambayi likita, amma kada ka canja da kanka: mai Insulatard sau biyu a rana akan rage masa kashi 20 cikin 100 na yawan insulin ɗin wajen sauyin.