Kada ƙadangare ya shiga kwalba babu takardarsa

Tambayar da ka yi mini ita ce: tunda ƙadangare ƙadangare ne, don me nake hana ka tsoma shi cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana gawa ruɓewa, sai ka fara yanke ƙarshen jelarsa ka jefa a 'yar kwalbar etanol, wato ruwan sifirit, ka kuma ɗaura masa takarda a ƙafar baya mai lamba da sunan wurin da aka kamo shi? Ka ce ai da ido ma ana gane dangi. To yaro, a wannan sana'a tamu ta adana dabbobi don masu bincike, babu abin da ya kai ido yaudarar mutum, kuma ƙadangarun tsibirai ne suka tona masa asiri.

A tekun Karibiyan akwai manyan tsibirai huɗu: Kyuba, Jamaika, Puwato Riko, da Hisfaniyola wanda Haiti da Jamhuriyar Dominika suka raba. Akwai wasu ƙadangaru a can da ake kira Anolis, iri-irinsu sun kai kusan 400 idan aka haɗa da na nahiyar Amurka. Duk tsibirin da ka sauka cikin huɗun nan za ka tarar da mai gajerun ƙafafu yana rarrafe a hankali kan siririn reshe, da mai dogayen ƙafafun baya da ke maƙale a gindin bishiya yana dirowa ƙasa da gudu ya cafke ƙwaro, da wani ƙato can ƙololuwa cikin ganye. Wani masani a Jami'ar Harvard, Ernest Williams, shi ya kasa su rukuni-rukuni bisa siffa da mazauni a 1972. Da kai aka ba kwalaben, na san abin da za ka yi: masu reshe duka shiryayye ɗaya, ƙattin duka shiryayye ɗaya, ka ce kowane gida guda ne. Amma a 1998 Jonathan Losos da abokan aikinsa suka duba ƙwayoyin gadonsu, wato DNA, sai ga wani zance dabam. Mai reshen Jamaika ya fi kusa da ƙaton Jamaika fiye da mai reshen Kyuba da suke kama kamar an tsaga kara. Kowane tsibiri ya fitar da nasa masu reshen daga kakannin da suka riga isa wurin. Kama da wane ba ta wane.

Dubi ɗan dakon kasuwar Mile 12 ta Legas da ɗan dakon kasuwar Dawanau ta Kano: wuya iri ɗaya, kafaɗa iri ɗaya, amma ba uwa ba uba, kaya ne ya daidaita su. Sai dai na ƙadangare ba a jikin mutum ɗaya yake faruwa ba. Wanda ƙafarsa ta dace da reshen shi ke tsira ya haihu, 'ya'yansa su gada, a haka har zuriya ta sauya.

Ga inda jelar ta shigo. Fomalin yana sandarar da nama ya hana shi ruɓewa, amma yana lalata DNA. In ka fara tsoma shi, ka adana siffar, wadda ita ce mai ruɗin, ka kashe shaidar da za ta faɗi gaskiya. Shi ya sa ake cire guntun jela ko hanta tukuna a sa a etanol mai ƙarfi, kashi 95 cikin 100, sannan gangar jikin ta shiga fomalin, daga baya a wanke ta a mayar cikin etanol kashi 70.

Awon da kake gunaguni a kansa ma, daga hanci zuwa dubura, da faɗin kai, da tsawon cinya, yana da dalili. A 1971 an ɗauki ƙadangaru goma, maza biyar mata biyar, daga tsibirin Pod Kopište aka saki a wani ƙaramin tsibiri, Pod Mrčaru, a ƙasar Kuroshiya. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna jikokinsu sun koma cin ganye sosai, kansu ya ƙara girma, cizonsu ya ƙara ƙarfi, har hanjinsu ya yi wasu tsoka masu rage gudun abinci don ganyen ya narke. Da ba a san inda suka fito ba, wa zai gane an samu canji?

Ba sai mun je nesa ba ma. A nan tekunmu na Gini, tsibirin Bioko yana haɗe da Kamaru ta ƙasa har zuwa kimanin shekara 10,000 da suka wuce, don haka dabbobinsa da ƙafa suka taka. Sao Tome da Principe da Annobon kuwa duwatsun aman wuta ne da suka ɓullo tsakiyar teku, ba su taɓa haɗuwa da nahiya ba. Kulɓa da tsakar da ke can tun asali sai dai kan itacen da ambaliya ta kora kakanninsu suka iso. Kada ka ɗauka tatsuniya ce: a 1995, bayan guguwa, an ga tarin itatuwa ya kai ƙattin ƙadangarun iguwana aƙalla 15 gaɓar tsibirin Anguilla a tekun Karibiyan da ransu. Kulɓar Sao Tome da ta Principe an daɗe ana lissafa su da wata ta nahiya, sai a 2016 aka ba kowace sunanta.

Na ji ka ce to sai mu gwada jan gwadan Obalende da na Agege a nan Legas, tunda Obalende ma a kan tsibiri take. Dariya ka ba ni. Tsibirin da gadar Carter da ta Eko da Third Mainland suka ɗaure, manyan motoci na ta jigilar katako da bulo dare da rana, ina rabuwar take? Sai an yanke zirga-zirga na tsawon zamani zuriya ke warewa. Nahiyarmu ma fitar da su take yi. Irin jan gwadanmu na Afirka ta Yamma yanzu ya cika wasu garuruwan jihar Fulorida ta Amurka, tsakar gida kuma jiragen ruwa sun kai ta har Brazil.

Saboda haka in ka kamo tsaka a Apapa, kada ka rubuta “Legas” kawai. Rubuta unguwar, ka ce jikin kwantena ne ko bangon gida ko bishiya, ka sa kwanan wata, domin ta yiwu baƙuwa ce da ta sauko daga jirgi a makon. Lambar da ke ƙafarta ita za ka maimaita a kwalbar jelar. Kuma da fensir za ka rubuta, tawadar biro narkewa take a cikin etanol.