Tsayuwa Gaban Kyamara: Amsoshin Tambayoyinku

Daga wata amarya a Ringim: Assalamu alaikum. Bikina ya kusa. Duk hoton da ƙawayena suka ɗauke ni da waya sai in ga hancina ya yi girma, fuskata ta baje, ga tsoka ta taru ƙarƙashin haɓata, alhali a madubi ba haka nake ba. Yaya zan tsaya?

Wa'alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri. Fuskarki ba ta da aibu, wayar ce ake kusanto miki da ita fiye da kima. Kyamarar waya an yi ta ne ta kwaso wuri mai faɗi, saboda haka duk abin da ya fi kusa da ita shi yake kumbura, kuma hanci ne kan gaba a fuska. Wani bincike da likitoci suka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci girma da kusan kashi 30 cikin 100. Mai ɗaukar ki ta ja da baya kamar mita 2, wato taku uku ke nan. Idan wayar na da alamar 2x mai kusanto da hoto ta danna, idan babu ta ɗauka a haka a yanke gefen daga baya. Wayar ta kasance daidai idonki. Daga ƙasa ƙofofin hanci da haɓa kawai take gani.

Sai tsayuwar. Kada ki fuskanci waya da ƙirji gaba ɗaya, nan ne jiki yake fin faɗi. Ki karkata har kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya kusa da wayar, ki ɗora nauyinki a ƙafar baya, sannan ki juyo da fuska. Maganar haɓa kuwa, ki miƙa wuya gaba kaɗan kamar mai leƙe ta saman katanga, sannan ki sauke haɓar ɗan kaɗan. Za ki ji abin banbaraƙwai a jikinki, amma fatar wuya tana miƙewa, tsokar nan ta ɓace. Yawancin mata idan aka ce su yi murmushi kansu suke janyewa baya, shi ne yake tara ta.

Hannu ma akwai kula. Idan kika matse dantse a jiki yana bajewa, ki bar 'yar ƙofa tsakanin gwiwar hannu da ƙugu. Ki ba hannun aiki: riƙon gefen mayafi ko 'yar jaka. Domin lalle ya fito, ki ɗora hannu ɗaya kan ɗaya a gaban ƙirji, yatsu a sake, ba a miƙe ƙyam ba. Kada ki turo tafin hannu kusa da waya, zai yi girman fuskarki.

Daga wani mai ɗaukar hoto a Dambatta: Wajen ɗaurin aure nake shan wahala. Ango na sanye da farar babbar riga, rana tsaka, sai rigar ta yi fari fat ba a ganin aikin wuya, fuska kuma ta yi duhu.

Malam, matsala biyu ce ta haɗu maka. Ta farko, kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne. Da ta ga farar shadda ta cika wuri sai ta rage haske, fuskar baƙin mutum ta nutse. Ka taɓa fuskar a allon waya, sannan ka ja alamar ranar da ta fito sama ko ƙasa a hankali har ka ga fuska da zanen aikin riga duk sun fito. Ta biyu, ranar tsaka daga sama take dukan mutum, sai ramin ido ya cika da inuwa, rawani ko hula su ƙara nasu. Wannan babu dannawar da za ta gyara shi, sai an kauce wa ranar.

Ka ja ango bakin ƙofar zaure, ya tsaya taku ɗaya daga ciki yana fuskantar waje, kai kuma kana daga waje. Haske zai shigo masa a fuska a hankali, bayansa ya yi duhu, rigar ta fito tas. A ganinmu babu wurin da ya fi zaure ga hoton mutum ɗaya a ƙauye. Inuwar katanga ma tana yi. Ƙarƙashin dogon yaro dai ka duba da kyau, domin rana tana ratso ganye ta bar dabbare-dabbare a fuska. Idan babu inuwa sam, ka sa rana ta kasance a bayansa, yaro ya riƙe farin zane ko farin kwali a gabansa daga ƙasa kaɗan ya mayar da haske fuskar. In da hali kuwa, ka jinkirta hoton har la'asar sakaliya.

Ango ya naɗe hannayen rigar a kafaɗa su yi daidai, ya miƙe baya, ya sauke kafaɗu. Ya fitar da waya da makulli daga aljihun gaba, suna ja wa aikin wuya ya karkace.

Daga wata uwa a Birnin Kudu: Hoton taron suna kullum na gefe suna fitowa da ƙiba, wasu kuma ido a rufe.

Hajiya, gefen hoton waya yana jan abu ya faɗaɗa, musamman idan an danna alamar 0.5x mai kwaso wuri mafi faɗi. A bar fili a dama da hagu, kada kan kowa ya kai bakin hoton. A jera layi biyu ko uku: tsofaffi da mai jego a zaune a tsakiya, yara kan tabarma a gaba, dogaye a baya, kowa ya ga wayar da idonsa biyu. A ɗauki huɗu ko biyar a jere, ba za a rasa wanda kowa ya buɗe ido ba. Lokacin hunturu a goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi, ƙura ce take sa hoto ya yi hazo.

Daga wani matashi a Gumel: Zan hau doki a hawan Sallah, ina son hoto mai kyau.

Kada a ɗauke ka daga gaban doki a kusa, kansa zai yi ƙato kai ka ƙanƙance a baya. Mai hoto ya tsaya ta gefe, tsakanin kai da kafaɗar dokin, nesa da mita 4 ko 5, ya ɗan rusuna. Kai kuma ka zauna cak a sirdi, ka riƙe linzami ƙasa kusa da gaban sirdi don kada hannu ya tare ƙirjinka, ka juyo da fuska ba tare da ka murɗe jiki ba. A jira lokacin da dokin ya miƙe kunnuwa gaba, sannan a danna. Kuma a kashe filasha, akwai dokin da yake firgita da ita cikin taro.