Tambayi Likita: Wai da gaske kwamfuta ce za ta gyara wa ƙanina muƙamuƙi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya iyali. Dan Allah ƙarin bayani nake nema akan ƙanina, shekarunsa 26, kusan shekara uku kenan muka lura gefen muƙamuƙinsa na ƙasa yana kumbura, ba zafi ba komai, da farko mun ɗauka haƙori ne har aka cire masa guda biyu amma abu sai ƙara girma yake, yanzu fuskar har ta karkace nama ma baya iya taunawa. Munje asibitin koyarwa anyi hoto an ɗebi tsoka an auna, sukace wai amelobilastoma ne, ba kansa (ciwon daji) bane amma dole sai an yanke ƙashin, kuma wai a ƙafarsa za'a ciro wani ƙashin a dasa masa, wani likita ma yace a wasu wuraren kwamfuta ce ke tsara aikin. Wallahi hankalin Hajiyarmu ya tashi, tace ita bata yarda na'ura ta yanka mata ɗa ba, sannan tana tsoron kar a gyara baki a gurgunta ƙafa. Wasu dangin kuma cewa suke tunda ba kansa bane a barshi a cigaba da na gargajiya. Mene gaskiyar lamarin?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya bashi lafiya ya sa kaffara ne. Ki fara gaishe min da Hajiya, ki ce mata ta kwantar da hankalinta, kwamfuta bata riƙe wuƙa. Likita ne zai yi aikin da hannunsa tun daga farko har ƙarshe. Aikin kwamfuta yana ƙarewa ne tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Amma bari in fara da maganar dangin da suka ce a barshi, don ita tafi tayar min da hankali. Gaskiya ne amelobilastoma ba kansa bane, ba kasafai yake bazuwa ya tafi huhu ko hanta ba. To amma fa ƙari ne da ke tasowa daga ragowar ƙwayoyin halittar da suka gina haƙora, yana zaune a cikin ƙashi yana cinsa a hankali, kuma baya tsayawa. Kusan kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, yawanci can baya wajen turame. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane, sai a yi ta shafe-shafe da tsaga ana jira, shekara ta zagayo, ƙarin da da santimita huɗu za'a yanke ya koma sai an cire rabin muƙamuƙi. Babu wani jiƙo ko turare da ke narkar da shi. Kuma in aka ce kankare shi kawai za'ayi a bar ƙashin, sau da yawa dawowa yake, shi yasa likitoci ke yanke shi tare da lafiyayyen ƙashi wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta kowane gefe.

To in an yanke kinga an bar giɓi kenan. Muƙamuƙin ƙasa ba ado bane kawai, shi ke riƙe da haƙora, tsokar harshe ma a cikin haɓa take maƙale. In aka cire gaban aka barshi haka, haɓa ta faɗa ciki, harshe ya koma baya, yawu yayi ta zuba, magana da haɗiya su gagara, wani lokacin har numfashi. Dole a cike gurbin.

Nan ne maganar ƙafa ta shigo. Daga gwiwa zuwa idon sawu ƙashi biyu ne, akwai babban na ƙwauri wanda shi ke ɗauke da kusan duk nauyin jiki, sai wani siriri ta gefen waje da ake kira fibula. Wannan siririn ake ɗauka. Wani likita a Melbon ta Ostireliya, Ian Taylor, shi ya fara nuna a 1975 cewa za'a iya ciro shi tare da jijiyoyin jininsa a dasa a wani wuri ya rayu, sannan a 1989 David Hidalgo a birnin Niyok ya wallafa yadda ya gina muƙamuƙi da shi, daga nan ya zama shi aka fi dogara da shi a duniya in giɓin babba ne. Ana iya samun tsawon da ya kai wajen santimita 25. Ba duka ake cirewa ba, ana barin kamar santimita shida a sama saboda wata jijiyar motsi da ke ratsawa kusa da gwiwa, a bar wani kamar haka a ƙasa don idon sawu ya tsaya daram. Mafi yawan mutane cikin 'yan makonni suke komawa tafiya da ƙafarsu. Ba zan ce miki ba komai ba, akwai tabo mai tsawo, wasu idon sawun yakan yi tsami na wani lokaci, wasu babban yatsa baya lanƙwasuwa kamar da. Amma gurguntar da Hajiya ke tsoro ba ita ce aka saba gani ba.

Matsalar ita ce fibula miƙaƙƙe ne sambal, shi kuwa muƙamuƙi lanƙwasasshe ne, ga kusurwa ga haɓa. Sai an yayyanka ƙashin gida biyu ko uku ba tare da an taɓa jijiyar da ke shayar da shi ba, a karkata kowane yanki, a haɗa su su bada siffar fuska. A da, kuma har yau a wurare da yawa, da ido da gwaninta likita ke yin wannan a tsakiyar aiki, ya yanka ya gwada ya sake fiƙewa, mara lafiya na kwance a sume awanni na tafiya. In kusurwa ta kuskure ko da kaɗan ne haƙoran sama da na ƙasa ba za su haɗu ba.

Abinda kwamfuta ta kawo shine a yi duk wannan gwaje-gwajen tun kafin ranar. Kamar dai yadda ƙwararren tela baya sa almakashi a shadda mai tsada sai ya fara fitar da yankan a takarda. Za'a yi masa hoton siti sikan na fuska, da wani na ƙafafu wanda ake sa ruwa a jijiya don a ga hanyoyin jini. Wannan na ƙafa yana da muhimmanci sosai, domin akwai 'yan tsirarun mutane da jijiyar da ke bin fibula ita ce babbar mai kai jini tafin ƙafarsu, irinsu ba'a taɓa ta, sai a nemi ƙashi a wani wurin. Daga hotunan manhaja zata haɗa ƙoƙon kansa a allo yadda za'a juya shi ta ko'ina. Likita da injiniya su zauna, likita ya nuna daga nan zuwa nan zan yanke, a goge wurin a allo, in ƙarin ya riga ya lalata siffar gefen sai a ɗauko lafiyayyen gefen a juya hotonsa ya zama ma'auni, sannan a jawo fibular tasa shi kansa a jera ta a gurbin, a ga yanki nawa ake buƙata, tsawon kowanne da karkatarsa.

In an gama sai a buga da firinta mai fitar da abu a zahiri, wadda ake ce wa 3D. Ana buga samfurin muƙamuƙin, a kuma buga wasu 'yan robobi masu tsaga a jiki, ɗaya zai zauna akan muƙamuƙi ɗaya akan fibula, a wuri ɗaya tak kowanne ke zama daidai, zarton likita ta cikin tsagar zai bi. Ƙarfen taitaniyom da za'a ɗaure ƙasusuwan da shi kuma ko dai a lanƙwasa shi akan samfurin tun kafin aiki a dafa shi ya tsarkaka, ko a ƙera shi takanas don mutumin. Abin ya kai ga a 2011 wata tawaga daga jami'ar Hasselt ta Beljiyam ta buga muƙamuƙin ƙasa sukutum da taitaniyom aka saka wa wata tsohuwa 'yar shekara 83, amma wannan ba shine aikin yau da kullum ba, ga matashi irin ƙaninki ƙashi mai rai na jikinsa yafi.

Amfanin da aka tabbatar dashi shine aikin yana raguwa tsawo, lokacin da ƙashin zai zauna ba jini tsakanin cirowa da haɗawa shima yana raguwa, sannan siffar fuska da haɗuwar haƙora sun fi fitowa daidai da yadda aka tsara. Wasu cibiyoyin ma a rana ɗaya suke dasa turakun haƙoran roba a cikin fibular, mutum ya farka da haƙora. Amma ni a wajena abinda ke raya dashen ba kwamfuta bane. Haɗa jijiya ne. Likita zai zauna a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ɗinke jijiyar ƙafa da ta wuya, faɗinsu bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, da zaren da yafi gashin kai siranta. Aikin gaba ɗaya yakan ci awa takwas zuwa sama. Bayan nan kwana biyu zuwa uku na farko nas-nas sai sun yi ta duba dashen dare da rana, don in jini ya daskare a jijiyar komawa tiyata ake yi nan take. A cibiyoyin da suka saba, sama da kashi 90 cikin 100 na dashen yana kamawa. Duk kyan tsarin da aka yi a allo, in babu wannan hannun da waɗannan nas ɗin, aikin banza ne.

Ku shirya wa wasu abubuwa tun yanzu don kar su zo muku ba zata. Zai yiwu a saka masa bututun numfashi a maƙogwaro na 'yan kwanaki saboda kumburi, abinci kuma ta robar hanci na wajen mako ɗaya ko biyu. Leɓen ƙasa ta gefen da aka yanke zai iya mutuwa baya jin taɓi, saboda jijiyarsa ta cikin ƙashin take bi. In yana shan taba ko shisha ya daina yau ɗin nan, hayaƙi na tsuke ƙananan jijiyoyi. In yana da suga ko sikila a faɗa wa likitoci tun wuri. Kuma ko bayan ya warke sai ya riƙa zuwa ana hoto shekara da shekaru, don wannan ƙarin yakan iya dawowa ko bayan shekara goma.

TAMBAYA

Likita barka da ƙoƙari. Ni mahaifina ne aka ce za'a yanke masa muƙamuƙi, ance in muna son irin na kwamfuta sai Indiya ko Masar, mu kuma bamu da halin. Mu jira mu tara kuɗin ne ko yaya?

Daga wani ɗan'uwa a Gusau

AMSA

Ɗan'uwa Allah ya ba Baba lafiya. Kar ku jira. Baka faɗa min ko wane irin ƙari bane, amma in kansa ce makonni ma suna da tsada balle watanni, har ma a ƙasashen da suke da kayan, mako ɗaya ko biyun da ake ɗauka ana tsarawa da bugawa abin lissafi ne, don in ƙarin ya girma ya wuce yadda yake a hoto robobin da aka buga sun tashi aiki, dole likita ya koma ga idonsa da hannunsa.

Shekaru da dama ana gina muƙamuƙi ba kwamfuta kuma mutane suna ci suna magana. A asibitocin koyarwa namu, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai sashen tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska, nan ya kamata ku tsaya ku yi magana da babban likita. Abinda aka fi yi a ƙasar nan shine ɗauko ƙashin ƙugu ko na haƙarƙari a ɗaure da ƙarfe ba tare da haɗa jijiya ba. Yana yin kyau in giɓin bai da tsawo, kamar santimita shida zuwa ƙasa, kuma akwai isasshiyar tsokar da zata rufe shi. Inda yake bada matsala shine giɓi mai tsawo, ko wanda ya haɗa da haɓa, ko kuma in za'a yi gashin ciwon kansa, wato ƙona shi da hasken na'ura, bayan aiki, don ƙashin da bashi da jininsa baya jure gashi. Wani lokacin ma a mataki biyu ake yi, a cire ƙarin yanzu a sa ƙarfe ya riƙe wurin, in an tabbatar ya fita tas sai a dawo a dasa ƙashi daga baya. Wannan ba gazawa bace, tsari ne da aka sani.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da nake so likitocinmu da jami'o'inmu su ƙara riƙewa da gaske. Ba sai an biya kamfanin waje ba kafin a ci moriyar kwamfuta. Akwai manhaja kyauta irin 3D Slicer da ke juya hoton siti sikan ya koma siffa, ƙaramar firinta ta kan tebur kuma zata iya buga samfurin muƙamuƙin da roba, likita ya lanƙwasa ƙarfensa a kai tun jajibiri. Wannan kaɗai yana rage lokacin da Baba zai kwanta a sume, ga tsoho kuwa ba ƙaramin abu bane. Ka tambaya ko suna yi, ko suna da wanda suke haɗa kai da shi.

In kun koma asibiti ka riƙe takarda da biro ka tambayi likita sunan ciwon daidai yadda sakamakon awon tsoka ya nuna, santimita nawa za'a yanke kuma ko ya haɗa da haɓa, da me za'a cike gurbin, ko za'a yi gashi daga baya, da kuma sau nawa suke yin irin wannan aikin a shekara. Ka karɓi faifan hoton siti sikan ɗin ka ajiye, ba takardar rahoto kaɗai ba, domin duk likitan da zaka nemi shawararsa a gida ko a waje faifan zai fara nema.