Ka ga ribar maƙwabcinka, ka san dalilinta?

Wani ɗan'uwa mai shagon hatsi nan cikin garin Sakkwato ya aiko da tambaya, ya ce maƙwabcinsa ya aje albasa a 2023 lokacin kakarta, kafin ƙarshen shekara kuɗinsa suka ninka har ya canza mota, shi ma yanzu yana da naira miliyan 3 kuma yana son ya ranto wasu 2 ya zuba duka a albasa, wai in gaya mai wace kasuwa ta fi arha.

To Alhaji, ba maganar kasuwa ce matsalarka ba. Matsalarka ka ga abu ɗaya da ido ka yanke hukunci, ba ka tsaya ka tambayi mi ya kawo shi ba. Motar ka gani, ba ka ga shekarar ba.

2023 ai ba shekara ce irin ta kullum ba. Watan Mayu aka cire tallafin mai, fetur ya yi tashin gwauron zabi, kuma manomin fadama da fetur yake ban ruwa, da fetur ko gas ake ɗauko kayan. Watan Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe boda, Illela da Ƙonni suka tsaya cik har Maris ɗin 2024, kuma kowa ya san albasar Galmi ta Nijar ba ƙarama ba ce a harkar nan. Duk wanga ya haɗu a kan buhu ɗaya. Maƙwabcinka ko dai ya karanci lamarin ko kuma Allah ne kawai ya tsaga da rabonsa, kai ba ka san wanne ba, amma har ka fara neman bashi.

Ido shi kaɗai ba ya ciniki, haka shi ma mai zama gindin rediyo yana jin labarin duniya bai taɓa leƙa fadama ba, dukkanku asara ke jiranku. Sai an haɗa. Ka tashi ka tafi wajen Goronyo da Wurno da Kware lokacin rani ka duba da kanka, in ka tarar wanda ka sani da tumatur da tattasai bana duk ya koma albasa, masu saida iri suna ce maka iri ya ƙare tun da wuri, to ka san abin da ke tafe, domin shekarar da farashi ya yi kyau ita ke jawo kowa ya shuka a ta gaba, kaya su cika kasuwa. Wannan ba duba ba ne, lissafi ne. Sannan ka tambayi direbobin da ke lodi zuwa Legas da Onica nawa ake biyan mota yanzu, hanya lafiya ko ana tare ta.

Ita kanta albasar ka iya kallonta? Ka ɗauki ɗaya ka danna wuyanta da babban yatsa, in ya bushe ya tsuke to za ta jure ajiya, in ka ji laushi da danshi an cika mata takin zamani ko an shayar da ita dab da cira don ta yi nauyi, wannan ba ta kai damina sai ta fara ruwa. Na san wani bawan Allah da ya cika rudu, wato ma'ajin albasa, da irin wagga albasa saboda ta fi girma da sheƙi, ƙaninsa ne ma ya sayo mai, bai je ba, da zafin bazara ya taso wari ne ya sanar da unguwa, kuma kuɗin na mutane ne. Ko mai kyau ce, ka zuba buhu 10 ka kwashi 7 ka gode Allah, ka sa wannan a lissafinka kuwa? Ga kuɗin mai gadi ga na masu tsinta.

Bashin nan dai kar ka ci. Cikin miliyan 3 ɗin ka fitar da kamar dubu 500, ka je da ƙafarka ka zaɓa, ka sami littafi kana rubuta farashin kowane mako da abin da kake zaton ya motsa shi, sauran kuɗin su zauna a hatsin da ka sani.