Agusta Ko Disamba: Yaushe Za Mu Kai Yara Yankari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana mun yi wa yara alkawarin kai su Yankari. Babban shekararsa 12, autar kuma 5. Maigida ya ce a bari sai hutun Agusta, lokacin gari ya yi sanyi, daji ya yi kore shar. Ni kuma na fi son hutun Disamba. Yaran dai giwa suke son gani, sai wanka a ruwan Wikki. Don Allah a raba mana gardama.
Maman Sadik, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ba Alhaji haƙuri, in dai giwa ce za ta kai ku, Agusta ba lokacinta ba ne. Gaskiyarsa ne, dajin ya fi kyau da damina, amma kyan nan shi ke ɓoye dabbobin. Ciyawa kan yi tsawo har ta shanye mutum, ɓauna na iya tsayawa kusa da motarku ba ku sani ba. Ga kuma ruwa a kowane kwari, dabba ba ta da dalilin zuwa inda za a gan ta. Faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, to in garken giwa ya nausa ciki, wa zai nemo muku shi? Ban da taɓo da ke kafe mota, da sauro, da ƙudan tsando.

Abin da ke tara namun dajin Yankari ƙishirwa ce. Idan rani ya yi nisa, tafkuna da ƙoramu suka ƙafe, kogin Gaji ne ke rage da ruwa, sai kowa ya gangaro fadamarsa: giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gadu. Ciyawa ta bushe ta kwanta, itatuwa sun kaɗe, ido na kaiwa nesa. Shi ya sa masu yi wa baƙi jagora za su ce miki daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ne kakar kallo. Sai dai Afrilu tsakiyar bazara ce, zafi na iya kaiwa digiri 40, kuma ba zan so a ɗora yarinya 'yar shekara 5 a buɗaɗɗiyar mota cikin wannan rana ba. Da ni ne, ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris zan zaɓa: sanyi ya tafi, zafi bai kankama ba, dabbobi sun fara matsowa bakin ruwa. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa a wannan tsakanin, sai ku duba kalanda. Kuma ku kauce wa ranakun bikin Salla, don wurin cika yake yi maƙil.

Naki zaɓin na Disamba shi ne na biyu a wurina. Sanyin hunturu ya dace da tafiyar ƙafa, a je a ga kogwannin Marshall waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey. Wankan Wikki ma a lokacin ya fi daɗi. Ɗumin ruwan digiri 31 ne rani da damina, dare da rana. Ki sauka matakalar da sassafe kina rawar ɗari, ki ga ruwan na fitowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, har yashin ƙasa kina gani. Da kin tsoma ƙafa ba za ki so fita ba. Illar Disamba biyu ce: hazo na rage gani ya ɓata hoto, sannan daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara ɗaki wuya yake yi. In hutun yara ya tilasta muku, ku je da an rufe makaranta, kafin cunkoson ya fara, kuma ku kama ɗaki tun kuna gida. A sa wa yara rigunan sanyi da man shafawa a jaka.

Kowane wata kuka je, ku kwana biyu, kada ku yi zuwan yini ɗaya. Daga garin Bauchi za ku bi hanyar Gombe, ku ratse a Dindima zuwa ƙofar dajin a Mainamaji, daga nan kuma akwai fiye da kilomita 40 kafin sansanin Wikki. Wanda ya taso daga Zariya sai yamma zai isa a gajiye. Fita kallo da sassafe da kuma bayan la'asar ake yi, da tsakar rana dabbobi na inuwa. Ki kuma shirya zukatan yaran tun yanzu: daji ne, ba gidan zu ba. Giwayen sun ragu sosai a kan yadda suke a da, kuma a garke suke yawo, ana iya fita a dawo da ganin kashinsu da rassan da suka kakkarya kawai. Zaki kuwa, wanda ya gan shi ya yi babbar sa'a.

Wanda tabbas za ku gani shi ne gwaggon biri, har ƙofar ɗakinku zai zo. Na ga wani ƙato ya tako a natse ya fizge ledar burodi daga hannun yaro, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ci yana kallonmu. Ku kulle ƙofa da taga ko da minti ɗaya za ku fita, ku ɗaga gilashin mota, kuma kada ki bar autar ta riƙe abin ci a waje.