Na'urar gyaran ruwa marar gishiri: za ta raba ni da farin kanzon nan kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina zaune a Sakkwato, bohol ne a gidana kuma ruwan garai-garai yake ba wari ba komai, amma butar lantarki duk ta yi wani farin kanzo a ƙasa, kan shawa ya toshe, hitar bayi kuma sau biyu ina canja mata elimen cikin shekara ɗaya da rabi. Ga shi sabulu ba ya kumfa, uwargida kullum sai ta yi ƙorafi in ana wanki. Wani abokina ya ce in sayi na'urar da ba a zuba mata gishiri, wai ba ruwanta da wuta ko magudana. Don Allah yaya ake haɗa ta, kuma zan iya da kaina ko sai na kira filamba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, amin na gode. Toh kafin mu zo maganar haɗawa bari in fara da abin da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba, na'urar nan za ta taimaki hitarka da fayif ɗinka, amma ƙorafin uwargida yana nan daram. Sabulu ba zai fara kumfa don ka sa ta ba. In kumfa kake nema to ba ita ba ce, gara ka sani tun kuɗinka na aljihu.

Farin kanzon da kake gani farar ƙasa ce, wato sinadarin kalsiyam da magniziyam da ruwa ya narkar tun yana ƙarƙashin ƙasa, kuma ban yi mamaki da ka ce Sakkwato ba, yankinku akwai dutsen farar ƙasa sosai, ai shi ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina. Ruwan yana sanyi ba ka ganin komai, da ya ji zafi sai sinadarin ya fito ya manne a jikin ƙarfe, elimen ya lulluɓe, zafinsa ya kasa fita, ya ƙone. Na'urar gyaran ruwa mai gishirin nan da aka sani tana cire kalsiyam ɗin ne gaba ɗaya ta musanya shi da sodiyam, shi ya sa ruwan ke yin santsi sabulu ya yi ta kumfa, sai dai tana cin buhun gishiri, tana son wuta, kuma duk 'yan kwanaki sai ta wanke kanta ta zubar da ruwan gishiri a magudana. Marar gishiri kuwa ba ta cire komai. A cikin tukunyarta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi kamar gero, in ruwa ya bi ta jikinsu sai kalsiyam ɗin ya dunƙule ya zama ɗan mitsitsin tsakuwa da ido ba ya gani, ya bi ruwa ya wuce maimakon ya manne. Sunan fasahar TAC, shi za ka nema a jikin kwali. In kuma ka ga an rubuta ta ci gwajin DVGW W 512 na Jamus to alama ce mai kyau, don ba a cin gwajin nan sai na'ura ta rage kanzo da aƙalla kashi 80 cikin 100. Waɗancan da ake ɗaura wa fayif daga waje kuwa, masu maganaɗisu ko masu wayar da ake nannaɗewa, ni dai ban taɓa ba mutum shawarar ya sa kuɗinsa a kansu ba.

Saboda ba ta cire komai, kar ka ɗauko 'yar mitar nan ta TDS mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, da masu sayar da filta ke yawo da ita, ka auna bayan an haɗa, ka ga lamba ba ta sauka ba ka ce an cuce ka. Ba za ta sauka ba dama.

Yanzu abin da ya fi haɗawar muhimmanci, ka gwada ruwan. Ka ɗebi ruwa a gora mai tsafta kai tsaye daga bakin sumo ba daga tanki ba, ka kai ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko sashen kemistiri na jami'a, ka ce a duba maka nauyin ruwa wato yawan kalsiyam da magniziyam ɗin cikinsa, ayon wato sinadarin ƙarfe, manganis da kuma gishiri. Nauyin ana auna shi da miligiram a lita, in ya wuce 120 ruwa ya yi nauyi, in ya haura 180 ya yi nauyi sosai. In takardar na'urar daga Amurka take za ka ga sun rubuta gpg, kowane ɗaya daidai yake da miligiram 17.1, sai ka ninka. Amma ayon ɗin ne nake tsoro. Ƙwayoyin nan ba sa shiri da shi ko kaɗan, yawancin kamfanoni sun ce kar ya wuce miligiram 0.3 a lita, manganis kuma 0.05, in ya wuce sai ya shafe jikin ƙwayoyin kamar an yi musu fenti su daina aiki alhali ruwa na wucewa lafiya ƙalau, ba abin da zai nuna maka. Na taɓa yin wannan gangancin a wani gida, mai gidan na sauri ni ma na biye masa muka haɗa ba gwaji, bayan 'yan watanni ya kira ni wai kanzo ya dawo, da na buɗe tukunyar wallahi ƙwayoyin sun koma ja kamar garin bulo. Ka leƙa cikin tankinka ko tankin masai, in ka ga jan tsatsa ya kwanta to sai an fara sa matatar ayon a gaba. In kuma ruwan zartsi gare shi, kana jin gishiri-gishiri a harshe, wannan wata matsala ce daban, mai gishiri da marar gishiri duk ba maganinsa ba ne, sai injin RO mai tace gishiri daga ruwa.

Sai wurin da za a sa ta, kuma a nan ne gidajenmu suka bambanta da na Turawan da suka ƙera abin. Su ruwa na zuwa musu da ƙarfi daga titi ya shige gida kai tsaye, mu kuwa sumo ya tura sama, tanki ya sako ƙasa. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba ka ƙarfin bar ɗaya ne kacal (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne), tankin da ke kan ƙarfe mai mita 5 ko 6 rabin bar ke nan, yawancin na'urorin nan kuma suna son bar ɗaya zuwa sama don ruwan ya ɗaga ƙwayoyin su riƙa motsi. Filamba zai ce maka ai sai a sa ta tsakanin sumo da tanki tunda can akwai ƙarfi, da sauƙi kam, amma ni ban so, don ruwan da aka gyara in ya kwana biyu a tanki tsakuwar nan tana iya sake narkewa a koma gidan jiya. Abin da ya fi shi ne ruwa ya sauko daga tanki, ya shiga ɗan famfon ƙara ƙarfi wato busta, sannan filtar yashi, sannan na'urar, daga nan ya rabu zuwa cikin gida da hita. Kaga ke nan maganar abokinka ta cewa ba ruwanta da wuta gaskiya ce rabi, ita ba ta ci amma bustan na ci.

Haɗawar kanta ba wani abu ba ne. Ka rufe bawul ɗin ƙasan tanki, ka buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan ruwa ya tsiyaye, ka yanka babban layin ruwan sanyi kafin ya yi rassa. Ka yi mata baifas, wato layin da ruwa zai kewaye ta, da bawul uku, ɗaya a shiga, ɗaya a fita, ɗaya a tsakiya, ranar da za ka canja filta ba sai gida ya rasa ruwa ba, kuma ka sa yuniyon a ɓangarorin biyu don a iya kwance ta ba tare da an sake yanka fayif ba. Kar ka rage girman fayif, in layinka inci ɗaya ne a tafi a inci ɗaya. Kan na'urar roba ne, tef ɗin filamba kawai za ka naɗa ka ɗaure da hannu, sifana ta ɗan ƙara kaɗan, masu ɗaurewa kamar suna faɗa da ita su ke tsaga ta. Ka duba kibiyar shiga da fita da idonka sau biyu, domin ita ruwa daga ƙasa yake tasowa sama a cikinta, wanda ya saba haɗa mai gishiri yana iya juya ta bai sani ba. Filtar yashi ta zama dole ga mai bohol, mai maikiron 5 (ma'aunin ƙanƙantar ramukanta ke nan) ta yi in akwai busta. In wataran ka haɗa da ruwan gwamnati mai kulorin to ka ƙara filtar gawayi a gaba, kulorin mai yawa na rage wa ƙwayoyin kwana.

A tsaye za ta zauna a kan daɓe, kuma don Allah a inuwa. Ranar Sakkwato a watan Afrilu ba sai na ba ka labari ba, fayif ɗin da ke waje ruwansa har ƙona hannu yake, ka yi mata 'yar rumfa ko ɗan ɗaki. In an gama ka buɗe bawul ɗin shiga a hankali, kwata kawai, famfo ɗaya a buɗe iska ta fita, in ruwa ya daidaita ka buɗe duka ka bar shi ya zuba na wasu mintuna, ka bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma.

Makonnin farko kana iya ganin ɓarɓashin fari na toshe kan shawa da 'yar ragar bakin famfo fiye da da, kar hankalinka ya tashi, tsohon kanzon cikin fayif ne ke saki. Ka kwance ka jiƙa a ruwan lemon tsami ko binega. Hitar ma a buɗe a wanke ta tun ranar haɗawa, ta nan za ka gane ko na'urar na aiki in ka sake buɗewa bayan wata shida. Farin tabo a tayil da gilashi in ruwa ya bushe zai ci gaba da fitowa, sai dai tsumma na goge shi ba sai an kankare ba. Filtar yashi ka canja ta da zarar ta yi duhu, ƙwayoyin kuma shekara 3 zuwa 5 suke yi, don haka ka tambayi mai shago tun yanzu ko yana kawo su da nawa, na ga tukwane da yawa a tsaye a gidaje sun zama ado saboda an rasa abin zubawa.

In ka taɓa haɗa fayif na PVC da gam za ka iya da kanka a yini guda, in PPR ne mai son injin ƙonawa ko akwai haɗa wutar busta to kira filamba ka tsaya a kansa da takardar na'urar a hannu. Ita kuma uwargida, in wanki ne damuwar, a ɗan zuba sodar wanki a ruwan kafin sabulu, ko ka sa ƙaramar mai gishiri a layin wanki kaɗai. Ka turo min sakamakon gwajin in ya fito sai mu ga girman da ya dace da gidan.